Albashi, Kwarashi da Goyo: Yadda Za Ki Riƙe Sana'ar Hannu Kina Aiki Kina Renon Yara

Duk shekara, da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Gombe, wayata ba ta samun hutu. Wannan tana son hular jariri, waccan ƙanwarta ta haihu suna ranar Laraba, wata kuma daga Kumo tana tambaya ko zan iya gama mata shawul kafin Asabar. Ni malamar firamare ce a wata makaranta mai zaman kanta, ina da 'ya'ya uku, kuma shekara bakwai ke nan ina saƙar kayan jarirai da kwarashi ina sayarwa. Maƙwabta a Tumfure da abokan aiki sukan tambaye ni yadda nake yi, tunda an ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Abin da na gane bayan na sha wuya shi ne, jarin irinmu sa'o'i ne. Ulu in ya ƙare a je kasuwa a sayo, amma sa'a in ta wuce babu mai sayar miki da ita. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya tsiro, kuma ko turaren wuta kike haɗawa, ko jakar duwatsu, ko ɗinkin hula, ko zanen gado, lissafin ɗaya ne.

Mataki na farko: ki san inda kika tsaya a wurin aikinki

Da wannan nake farawa saboda shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Idan ma'aikaciyar gwamnati ce ke ta cikakken lokaci, ki sani cewa Kundin Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Biyar inda aka tsara ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikaci shiga tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa, noma kaɗai aka ware masa. Na san ofisoshi cike suke da masu sayar da atamfa da turare, amma yawan masu yi bai goge rubutun ba. Kafin ki yi rajistar suna ko ki buga talla da sunanki, ki nemi shawarar lauya ko wakilin ƙungiyarku ta ƙwadago. Idan kuwa a kamfani ko makarantar kuɗi kike, ki ɗauko takardar ɗaukarki aiki ki sake karantawa, ki ga ko an yi maganar sana'ar gefe.

Bayan doka akwai amana. Sa'o'in da ake biyanki albashi a kansu ba naki ba ne. Na taɓa amsa kiran kwastoma ina tsaka da darasi, shugabar makarantarmu ta kira ni ofis ta ce, "Malama, yaran nan iyayensu amana suka ba mu." Ba ta ƙara komai ba, kuma gaskiyarta ce. Tun ranar wayar sana'a take kwana a jaka har a tashi.

Mataki na biyu: ki ƙirga sa'o'inki da biro da takarda

A nan za ki daɗe, don shi ne ginshiƙi. Ki ɗauki mako guda cur ba ki canza komai ba, kina rubuta abin da kika yi da lokacin da ya ci. Tashin asuba, ɗora ruwa, wankan yara, karin kumallo, jiran ɗan sahu, aiki, dawowa, girkin rana, shirya yara Islamiyya, cefane, tuwon dare, duba aikin gida na yara, duba littattafan 'yan ajinki in malama ce. Kada ki rubuta yadda kike fata ranarki ta kasance, ki rubuta yadda take.

Da na yi nawa, ga abin da ya fito. Bayan sallar isha, yara sun kwanta, ina samun sa'a ɗaya da rabi, amma dare huɗu kawai a mako, don sauran ina da aikin makaranta ko gajiya ta yi yawa. Sa'a shida ke nan. Safiyar Asabar, lokacin da manyan biyu ke Islamiyya, sa'a uku. Lahadi da yamma sa'a biyu. Jimla sha ɗaya.

To, kada ki tsaya a nan. Ki cire kashi ɗaya cikin huɗu ki ajiye gefe. Wannan rabon zazzaɓin yaro ne, da barka, da ta'aziyya, da baƙin da suka zo daga ƙauye ba sanarwa, da daren da aka ɗauke wuta fitilar caji kuma ta mutu. Abubuwan nan ba haɗari ba ne da ke faɗowa jefi-jefi, su ne zaman duniyarmu, kusan kowane mako sai ɗayansu ya zo. Sai sha ɗayana ta koma takwas. Sa'a takwas ita ce dukan shagona.

Daga nan ki auna kayanki da agogo. Ni hular jariri tana cin sa'a ɗaya, saitin hula da safa da rigar sanyi sa'a shida, babban shawul kuwa sai ya kai sha biyar. Ma'ana a mako guda saiti ɗaya da hula biyu zan iya, shawul kuma mako biyu ne. Ranar da na ga wannan a rubuce jikina ya yi sanyi, don a wani Disamba da ya wuce oda tara na karɓa cikin mako biyu. Na yi ta raba dare, na kai wa wata baiwar Allah kayan jaririnta kwana biyu bayan suna, kuma a satin ne babbar 'yata ta shiga jarabawar lissafi ban zauna da ita ko sau ɗaya ba. Matar ba ta yi faɗa ba, ta karɓa ta ce Allah ya saka da alheri, amma ba ta sake dawowa ba. Sakamakon 'yata kuwa har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wahalar ba a kaina kaɗai ta tsaya ba.

Mataki na uku: ki rage kala, ki bi kalandar garinku

Kaya uku sun isa. Ki zaɓi wanda hannunki ya fi sauri a kai, wanda aka fi nema, da ɗaya mai tsada da za ki riƙa karɓa jefi-jefi. Mai yin komai kullum cikin koyon sabon salo take, kuma kowane salo da irin zarensa da zai kwanta mata a kwali.

Kowace sana'a da lokacinta. Kayan ulu daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke tafiya. Da zafin Maris da Afrilu ya sauka a Gombe, ba uwar da za ta sa wa jariri rigar ulu, sai ki koma zaren auduga mara nauyi ko ki huta. Mai turaren wuta da humra kasuwarta gab da azumi ne da bayan sallah da hutun Disamba, lokacin da bukukuwa ke yawa. Mai hula ta san sallah ƙarama da babba ne nata. Sirrin mai aikin albashi shi ne ta yi kayan tun lokacinsu bai zo ba. Ni dogon hutun makaranta na Agusta shi ne masaƙata: a nan nake tara huluna da safa masu launin da ya dace da mace da namiji, fari da ruwan ƙwai da kore mai haske, in jera a leda in rufe a akwati. Haihuwa ba ta sanarwa, suna kuma kwana bakwai ne, ba ya jiran kowa. Wadda ta kira ranar Litinin tana so Alhamis, daga akwati zan ɗauko mata, ba daga barcina ba.

Sayen kayan aiki ma a dunƙule ya fi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, zuwa kasuwa don ƙwallon ulu biyu asara ce. Ki je babbar kasuwa sau ɗaya a wata da jerin abin da kike so, ko ku haɗa kuɗi ku uku ku huɗu ku ba wa mai zuwa sari Kano. In aiki ɗaya ne babba, ki sayi zarensa gaba ɗaya a lokaci guda, don launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga wannan kwali zuwa wancan, kuma a jikin shawul sai ya nuna.

Mataki na huɗu: farashi

Mafi yawanmu kuɗin zare muke ƙirgawa mu ɗora ɗan abu a sama mu ce riba. Ladan hannu fa? Ga hanyar da nake bi. A Yulin 2024 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000. In kika raba wannan da sa'o'in aiki 160 na wata, kowace sa'a ta kama kusan naira 440. Wannan shi ne ƙasa, kada ladan sa'arki ya gaza haka, don sa'ar da kika ɗauke daga barcinki ko daga hirar 'ya'yanki ba ta fi ta ofis arha ba.

Mu ɗauki misali, ki sa naki alƙaluman tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ce ulu da maɓalli na saiti guda sun ci naira 3,000. Rabon kuɗin mota da data da ledar naɗi 500. Sa'a shida a kan 440, kusan 2,600. Kin ga kafin a yi maganar riba an kai 6,100. In kika sayar 5,000 don kunya, ke kika biya kwastoma, ba ita ta biya ki ba. Za a ce miki na kanti ya fi arha. Gaskiya ne, na inji ne, ki faɗa da fara'a ki ce albarka. Masu son aikin hannu suna nan, kuma da sa'a takwas a mako ba kya buƙatar garin duka, mutum biyar zuwa shida a wata sun ishe ki.

Mataki na biyar: ƙa'idar karɓar oda

Ki samu littafi guda. Suna, abin da ake so, launi, girma, kuɗin da aka bayar, saura, ranar karɓa. Kafin ki ce "to", ki buɗe littafin ki ga ko makon yana da gurbi. Ranar da za ki faɗa wa mutum kuma ki ƙara kwana uku a kan wadda kika lissafa. Alƙawari kaya ne, gara ki kawo da wuri a yi murna.

Ba na ɗaukar kwarashi sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗi, don ya rufe kuɗin zare. In ta banki aka turo, ki buɗe asusunki ki ga kuɗin da idonki, kada ki dogara da hoton rasit, akwai na bogi.

Mai wuyar ita ce dangi. Wata rana goggon maigidana ta aiko a yi wa jikarta shawul, suna saura kwana biyar, ga littafi cike. Na tashi na je har gida na gaishe ta, na ce, "Goggo, wallahi shawul ba zai yiwu kafin suna ba, kada in ce miki to in ba ki kunya a gaban mutane. Ga hula da safa na kawo, barkata ce. Shawul kuma in Allah ya yarda kafin arba'in yana hannunki." Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan, hakan ma ya yi." Kin ga an rabu da mutunci. Kyauta ki yi ta da sunan kyauta, daga abin da kika ware, ciniki kuma ya zama ciniki. Abin da ke kashe sana'ar mata shi ne na tsakiya, wanda ba a ce kyauta ba ba a kuma biya ba. Bashi a wurin aiki, irin na "sai an yi albashi", in za ki bayar ki rubuta, kuma kada ya wuce mutum biyu a lokaci guda.

Mataki na shida: waya

Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Ki jera hotunan kayanki da farashinsu a sashen kaya, ki saita saƙon da ke amsawa da kansa: "Assalamu alaikum, ina wurin aiki, zan amsa daga ƙarfe biyar in sha Allah." In da hali layin sana'a ya zama daban. Hoto ki ɗauka ranar Asabar da safe a hasken rana, kan farin zani, ki tara na mako guda ki riƙa sa ɗaya-ɗaya a status. Sau biyu a yini ya isa duba saƙonni. Ba na sa hoton 'ya'yana ko jaririn kwastoma a talla, kayan kaɗai sun wadatar.

Mataki na bakwai: gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sana'ar da maigida bai fahimta ba kullum cikin tsegumi take. Ki zauna da shi da takardar nan ta sa'o'i, ki nuna masa lokutan da kike so, ki faɗi abin da kike nema a fili. Ni na ce, "Baban yara, safiyar Asabar nake roƙo, ka kai su Islamiyya ka ɗauko su, ƙaramin kuma ya bi ka gaida Hajiya." Bai ƙi ba, don abu ne takamaimai da ya san farkonsa da ƙarshensa. Da na ce "ka riƙa taimaka mini" kawai, da har yau muna nan.

Girki shi ne babban mai cin lokaci. Ranar Lahadi nake gyara kayan miya na kwana uku, in soya in ajiye, in jiƙa wake, in daka yaji. Ɗumame da safe ba abin kunya ba ne, da shi aka rene mu.

Yara kuma ki ware musu lokacin da kwarashi ba ya shiga. Nawa daga magariba zuwa isha ne: a ci abinci tare, a duba aikin makaranta, a biya karatun allo, kowa ya faɗi abin da ya faru da shi. Na lura yaro yana gane bambancin uwar da ke kallonsa da wadda ke cewa "ina jin ka" idonta na kan zare tana ƙirga ɗinki. Ɗana na tsakiya ya taɓa riƙe mini hannu ya ce, "Umma, ki ajiye ki ji." Na ajiye, kuma daga ranar na kafa wannan doka.

Kada ki mai da babbar 'yarki uwar goyo don ki samu damar saƙa. Ta taya ki naɗe zare ko jera kaya a leda in tana so, ki ba ta ɗan ladanta, ta koyi sana'a a hankali, amma karatunta da wasanta haƙƙinta ne. Aiken yara kai kaya gidan da ba ki sani ba kuwa, ko kusa kada ki fara. In kina buƙatar mai riƙe ƙarami, ki nemi babba ki biya ta, ki sa kuɗin cikin farashi.

Akwai maganar tsaro da ba na wasa da ita. Kwarashi, almakashi, allura da duwatsun ado su zauna a gwangwani mai murfi, a saman da mai rarrafe ba ya kaiwa. Mai turaren wuta ta nisanta garwashi da kwalaben turare daga yara, ta yi haɗi a inda iska ke shiga. A kayan jarirai ba na sa ƙananan duwatsu ko doguwar igiya a wuya, maɓalli kuma sai na ɗinke shi da kyau na ja na gani, don jariri komai baki yake kaiwa.

Mataki na takwas: raba kuɗi

Kuɗin sana'a kada ya kwana jaka ɗaya da na cefane. Ki buɗe asusu daban, ko a banki ko irin su OPay da Moniepoint, duk ciniki ya shiga can. Ƙarshen wata ki kasa uku: uwar kuɗi ta koma sayen kaya, ladan hannunki ki ɗauka ki yi hidimarki, riba kuma ki tara. In kina adashi, zubin ya fito daga riba, kuma ki nemi kwasarki ta faɗo gab da lokacin sarin kaya, ni Yuli nake roƙa. Wadda ta ci uwar kuɗi da sunan za ta mayar in an yi albashi, sau da yawa ba ta mayarwa. Littafin nan kuma shi zai nuna miki in dukiyar ciniki ta kai nisabi shekara ta zagayo, sai ki tambayi malami yadda za ki fitar da zakka. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, tana da amfani in kin fara mu'amala da shaguna ko kina neman tallafi, amma ba da ita ake farawa ba.

Mataki na tara: isar da kaya

Rana ɗaya a mako, ni Asabar bayan azahar. Na cikin gari, daga Pantami zuwa Jekadafari da Bolari, ɗan sahu ɗaya amintacce nake ba wa ya zagaya, kowa ya biya kuɗin kawowa. Na Bauchi ko Kaltungo ko Bajoga a tasha nake bayarwa, in rubuta suna da lamba a jikin ƙunshi, in ɗauki lambar direba da ta mota in tura wa mai kaya. Ba na ba baƙo kwatancen gidana, mu haɗu a bakin titi ko a shagon wani ɗan'uwa.

Lokacin rufe littafi

Akwai makonnin da tun farkon zango nake ja musu layi: makon jarabawar yarana, makon da nake haɗa sakamakon 'yan ajina, da goman ƙarshe na azumi. A waɗannan ba na karɓar sabuwar oda, abin da ke akwati kawai nake sayarwa. Haka in yaro ya kwanta ciwo, a ranar nake kiran masu oda, ba na jira sai ranar karɓa ta zo. Ina cewa ga halin da ake ciki, in za ki iya jira zuwa rana kaza to, in ba za ki iya ba ga kuɗinki. Yawancinsu iyaye ne, addu'a suke yi su ce a kula da yaro.

Jikinki ma yana da nasa layin. In wuyan hannu ya fara zafi ko yatsu suna dindiris, ko ido yana yaji, ki ajiye kwana biyu, in bai daina ba ki je asibiti. Ki sayi fitila mai haske sosai, ki zauna a kujera mai jingina, kada ki wuce sha ɗayan dare tunda asuba na jiranki. In kuma oda ta riƙa fin sa'o'inki wata uku a jere, hanya biyu ce: ki ƙara farashi, ko ki koya wa wata. Ni bara na koya wa wata maƙwabciyata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Yanzu ita ke saƙa safa da hula, ina biyanta a kan kowane guda ranar da ta kawo, ni kuma ina yin riguna da haɗawa da duba ɗinki kafin a naɗe.